Iyakar Jibiya: Abin da ke sa kwamfuta ƙin tashi a kai a kai, da yadda ake gyara ta ba tare da asarar takardu ba

A Magamar Jibiya, inda hanyar Katsina ke miƙewa zuwa Ɗan Issa da Maraɗi, takardar kaya ta daina zama aikin biro da littafi kaɗai. Wakilin fiton kaya yana shigar da bayanan lodinsa ne ta intanet, a manhajar Hukumar Kwastam, wadda ta yi shekaru tana amfani da NICIS II kafin ta fara sauya shi da B'Odogwu, da aka soma gwadawa a Legas a watan Oktoban 2024. A tsallaken iyaka ma kwastam ɗin Nijar na aiki da SYDONIA. Ɗan kasuwar da ke kai hatsi, da mai shagon buga takardu, da ma'aikacin ƙaramar hukuma, kowannensu yana da kwamfutar da lissafinsa da rasitansa ke ciki. Ranar da aka kunna ta ta tsaya a kan shuɗiyar fuska, ko ta yi ta kashe kanta tana sake kunnuwa, mota na tsaye da kaya, direba na jiran takarda, kuɗin kwana na ƙaruwa.

Maganin da aka fi sani a irin wannan hali shi ne a kai wa mai gyara ya yi mata fomat, wato ya share komai ya zuba sabon Windows. Sau da yawa hakan kan tayar da ita, amma yakan tafi da takardun shekaru, kuma bayan 'yan makonni matsalar ta dawo, domin ba a gano abin da ya haddasa ta ba. Akwai matakai da dama kafin a kai ga fomat, kuma galibinsu Windows ya zo da kayan aikinsu kyauta.

Abin da ke faruwa idan an kunna kwamfuta

Tashin kwamfuta aiki ne na miƙa-miƙa. Da an danna maɓallin wuta, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a babban allon na'urar, wadda ake kira BIOS a tsofaffin kwamfutoci, UEFI a sababbi, ita ke fara farkawa. Takan duba ko ram da faifan ajiya da madannai suna nan, sannan ta nemi manajan tashi na Windows a kan faifan. Shi kuma manajan yakan buɗe wani ɗan kundi mai suna BCD, wanda ke gaya masa a wane ɓangaren faifai Windows yake. Daga nan sai a ɗauko zuciyar Windows, fayil ɗin ntoskrnl.exe, tare da rajistar da ke ɗauke da saitin na'urar, da ƙananan manhajojin da ake kira direbobi, masu haɗa Windows da faifai da fuska da sauran sassa. Sai bayan duk waɗannan sun yi daidai ne fuskar shigar da kalmar sirri ke bayyana.

Waɗannan su ne fayilolin babbar manhaja. Idan ɗaya daga cikinsu ya ɓace, ko aka rubuta rabinsa aka bar rabi, miƙa-miƙar sai ta katse a daidai wurin. Abin lura a nan shi ne takardun mai kwamfutar, da hotunansa da jadawalin lissafinsa, suna wani wuri daban a kan faifan. Kwamfutar da ta ƙi tashi tamkar shago ce da makullinsa ya karye a cikin kwaɗo: kayan na nan a ciki, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa.

Yadda fayilolin ke lalacewa

Babban dalili a yankin shi ne ɗaukewar wuta bagatatan. Windows ba ya rubuta komai a kan faifai nan take. Yakan tara wasu bayanai a ram, ya sauke su daga baya. Idan wuta ta ɗauke, ko janareta ya mutu a tsakiyar rubutun, abin da ke ram ya tafi. Tsarin ajiya na NTFS yana da ɗan littafin da yake rubuta sauye-sauyen da zai yi, wanda ke taimaka masa ya gyara fasalin faifan bayan katsewa, sai dai ba ya iya cika fayil ɗin da aka bari rabi. Lokaci mafi haɗari shi ne sa'ilin da Windows ke sabunta kansa, lokacin da yake gargaɗin kada a kashe na'urar, domin a wannan lokacin ne yake cire tsofaffin fayilolinsa yana sa sababbi.

Wannan haɗari ba baƙo ba ne a Katsina, wadda ke samun wuta daga kamfanin KEDCO tare da Kano da Jigawa. A watan Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. A irin wannan yanayi ofisoshi da shaguna kan koma kan janareta, kuma duk sauyin da aka yi daga wata wuta zuwa wata, kwamfutar tebur da ba ta da UPS takan mutu. Kwamfutar tafi-da-gidanka da batirinta ya mutu, wadda sai da waya a jiki take aiki, ita ma hukuncinta ɗaya da ta tebur.

Dalili na biyu shi ne tsufan faifan ajiya. Yawancin kwamfutocin da ake saya a kasuwannin Arewa na hannu ne, sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su iso. Tsohon faifai mai juyawa yana da allura da ke karatu a kan faranti. Girgizar mota ko faɗuwa na iya lalata wasu gurabe a kan farantin, kuma duk fayil ɗin da ya faɗa a mataccen gurbi ba zai karantu ba. Faifan SSD ba shi da abin da ke juyawa, amma shi ma yana da iyakar rubutun da zai iya ɗauka.

Na uku shi ne ƙura da zafi. Ƙurar hunturu kan toshe fankar na'urar, sannan bazara ta zo da zafin da kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Idan na'ura ta yi zafi fiye da kima takan kashe kanta don kada ta ƙone, kuma wannan kashewar daidai take da ɗaukewar wuta. Ƙura kan kuma shiga ramin da ake soke ram, ta sa ya riƙa miƙa bayanai da kuskure.

Na huɗu shi ne ƙwayoyin cutar kwamfuta da jabun manhajoji. Filas ɗin da ke yawo daga shagon buga takardu zuwa ofis, daga ofis zuwa gida, yakan kwaso cuta ya raba. Haka nan kwafin Windows da aka yi wa kwaskwarima, da 'yan manhajojin da ake amfani da su don kauce wa biyan lasisi, sukan taɓa fayilolin da bai kamata a taɓa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma dalilin da ya keɓanta da garuruwan iyaka, wato dogon zama babu aiki. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kuma ta Jibiya ba ta buɗe ba sai a watan Afrilun 2022. An sake rufe ta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, har zuwa watan Maris na 2024. Kwamfutar da aka ajiye wata da watanni, ɗan batirin da ke babban allonta mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, yana iya mutuwa. Idan ya mutu, kwanan wata ya rikice, saitin BIOS ya koma na asali, kuma idan saitin da ya shafi faifai ya sauya, Windows zai kasa ganin faifan da yake kai. Mai ita sai ya ɗauka fayiloli ne suka lalace, alhali batiri ne na kuɗi kaɗan.

A karanta saƙon kafin a taɓa komai

Kwamfuta kan faɗi inda ke mata ciwo, sai dai da Turanci da lambobi. Abu na farko shi ne a ɗauki hoton fuskar da waya. Lambar 0xc000000f ko 0xc0000098 na nuni da cewa kundin BCD ko wani fayil na farkon tashi ya ɓace ko ya lalace. Saƙon INACCESSIBLE BOOT DEVICE na nufin Windows ya fara tashi amma ya kasa kaiwa ga faifansa. BAD SYSTEM CONFIG INFO yakan shafi rajista. CRITICAL PROCESS DIED da lambar 0xc000021a na nufin wani muhimmin ɓangare na Windows ya mutu bayan an yi nisa da tashin. NTFS FILE SYSTEM kuwa yana nuna yatsa ga fasalin faifan ko lafiyarsa. A sababbin nau'o'in Windows 11, tun daga shekarar 2025, fuskar ta koma baƙa maimakon shuɗiya, amma saƙon yana nan a ƙasanta.

Idan kuwa babu abin da ya bayyana ko kaɗan, ko tambarin kamfanin ma bai fito ba, ko na'urar na ƙara tana ƙyafta fitila, to matsalar ba ta kai ga Windows ba tukuna. Wannan aikin mai gyaran sassa ne: caja, ram, fuska ko babban allo. Haka kuma idan faifai yana wata ƙara ƙas-ƙas a kai a kai, a kashe na'urar nan take, domin kowane ƙarin kunnawa na ƙara cinye abin da ya rage.

Kafin a zurfafa, a cire duk abin da aka soke: filas, firinta, modem, katin ajiya. Kwamfuta kan yi ƙoƙarin tashi daga filas ɗin da aka manta a jikinta, ta ce ba ta ga babbar manhaja ba. Sannan a shiga BIOS a duba abu biyu, ko kwanan wata daidai ne, da kuma ko sunan faifan ajiya ya bayyana.

A ceci takardu tukuna

Idan Windows 10 ko 11 ya kasa tashi sau biyu a jere, a karo na uku yakan buɗe ɗakin gyaransa da kansa. Idan bai buɗe ba, ana iya shiga ta filas mai ɗauke da Windows, wanda ake haɗawa a wata kwamfuta mai lafiya da manhajar Media Creation Tool ta Microsoft. Yana buƙatar filas mai girman gigabait 8 aƙalla, kuma duk abin da ke kansa zai goge. A kwamfutocin HP maɓallin F9 ke kawo zaɓin tashi daga filas, a Dell da yawancin Lenovo kuwa F12. Idan fuskar zuba Windows ta fito, a zaɓi gyara, kada a zaɓi zubawa.

A cikin ɗakin gyaran, ƙarƙashin Troubleshoot sannan Advanced options, akwai baƙar tagar umarni mai suna Command Prompt. Idan aka rubuta notepad a cikinta, sannan aka zaɓi File da Open, sai a ga dukkan faifai da jakunkunan da ke ciki, idan aka sauya nau'in fayil zuwa All Files. Daga nan ana iya kwafe jakar takardu zuwa filas ko faifan waje. Wata hanyar ita ce a ciro faifan a sa shi a ɗan akwatin USB, a karanta shi a wata kwamfuta.

Wani shinge da ke ba mutane mamaki shi ne BitLocker, wanda ke kulle faifai da sirri. Kwamfutoci da yawa na zamani suna kunna shi da kansu idan an shiga da asusun Microsoft. Idan ya nemi makulli, lambobi 48 ne, kuma ana samun su a asusun Microsoft na mai kwamfutar, ko a wurin sashen kula da kwamfutoci idan ta ofis ce. Babu mai gyaran da zai iya buɗe faifan ba tare da wannan makulli ba, don haka ya kamata a nemo shi a rubuta a ajiye tun kwamfuta na da lafiya.

Matakan gyara, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi

Matakin farko shi ne Startup Repair, wanda ke duba fayilolin tashi ya gyara abin da ya iya. Idan ya ce ya kasa, a koma Uninstall Updates, musamman idan matsalar ta fara ne bayan sabuntawa. Wannan zai cire sabuntawar ƙarshe. Sai System Restore, wanda ke mayar da fayilolin Windows da rajista yadda suke a wata rana da ta wuce, ba tare da ya taɓa takardu ba. Yana aiki ne kawai idan an kunna shi tun farko, kuma manhajojin da aka zuba bayan wannan rana za su fita.

Idan waɗannan ba su yi ba, a gwada Safe Mode, ta hanyar Startup Settings sannan a danna 4, ko 5 idan ana son intanet. A wannan yanayi Windows na tashi da mafi ƙarancin direbobi. Idan ya tashi a haka, alama ce cewa zuciyarsa lafiya take, kuma mai laifin wani direba ne ko wata manhaja da aka zuba kwanan nan. A cire ta, a sake kunnawa.

Daga nan sai umarni uku da ake rubutawa a tagar umarni, kuma jerinsu na da muhimmanci. Na farko shi ne duba faifai:

chkdsk C: /f /r

Harafin f na gyara fasalin faifan, r kuma na neman matattun gurabe ya kwashe abin da ya iya daga cikinsu. A kan babban tsohon faifai yana iya ɗaukar sa'o'i, don haka kada a fara sai an tabbatar da wutar da ba za ta ɗauke ba. Kuma kada a yi shi kafin a kwafe takardu, domin yana wahalar da faifan da ke kan gargara.

Na biyu yana gyara rumbun da Windows ke ajiye kwafin fayilolinsa na asali, wato jakar WinSxS. Ana yin sa ne idan Windows ya tashi, ko da a Safe Mode mai intanet ne, kuma a buɗe tagar da ikon mai gudanarwa:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Na uku shi ne mai duba fayilolin babbar manhaja, wanda ke gwada kowane fayil da kwafinsa na rumbu ya maye gurbin wanda ya lalace:

sfc /scannow

Dalilin gabatar da DISM a kan sfc shi ne, idan rumbun kansa ya lalace, sfc ba shi da inda zai ɗauko mai kyau. Idan ya gama zai faɗi ɗaya daga cikin abu huɗu: bai ga matsala ba, ya gani ya gyara, ya gani amma ya kasa gyara wasu, ko kuma ya kasa gudanar da aikin. Cikakken bayanin yana cikin fayil ɗin CBS.log, wanda ƙwararre zai iya karantawa.

Idan Windows ya ƙi tashi sam, ana gudanar da sfc daga ɗakin gyara, amma sai an nuna masa inda Windows yake:

sfc /scannow /offbootdir=C:\ /offwindir=C:\Windows

A nan ne da yawa ke tuntuɓe, domin a ɗakin gyara haruffan faifai kan sauya. Abin da aka sani da C yana iya zama D ko E. A rubuta dir C: ko dir D: har sai an ga wanda ke ɗauke da jakunkunan Windows da Users, sannan a yi amfani da harafinsa. Idan kuwa lambar kuskuren ta nuna BCD ne, umarnin bootrec /rebuildbcd kan sake gina kundin, ko kuma bcdboot C:\Windows, wanda ke kwafo sababbin fayilolin tashi daga cikin Windows ɗin kansa.

Idan babu intanet

DISM yakan nemo fayilolin da suka ɓace ne ta intanet, kuma wannan ba abin dogaro ba ne kullum a yankin. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Jibiya, kuma aka shafe watanni a haka. Filas mai ɗauke da Windows yana magance wannan, domin ana iya umartar DISM ya ɗauko fayilolin daga kansa, ta hanyar ƙara /Source da adireshin fayil ɗin install.wim ko install.esd da ke cikin jakar sources, tare da /LimitAccess don kada ya nemi intanet. Sharaɗin shi ne nau'in Windows da ke filas ɗin ya yi daidai da na kwamfutar. Ofis ko shagon da ke da kwamfuta fiye da ɗaya, ajiye irin wannan filas a aljihun tebur ya fi tafiyar fiye da kilomita 40 zuwa Katsina neman mai gyara.

Mataki na ƙarshe kafin fomat shi ne Reset this PC, tare da zaɓin Keep my files. Yana sake zuba Windows ya bar takardu, amma duk manhajojin da aka zuba za su fita, don haka a tanadi lasisinsu da kalmomin sirrinsu.

Idan matsalar ta sake dawowa

Fayilolin da aka gyara yau suka sake lalacewa bayan kwana goma suna nuna cewa akwai abin da ke lalata su. Wanda ya tsaya ga sfc kaɗai yana sharar ɗaki ne alhali rufin na yoyo. Akwai gwaji uku da ke bayyana tushen.

Na farko lafiyar faifai. Kowane faifai yana ajiye rahoton lafiyarsa mai suna SMART, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo na karanta shi. Idan ta nuna gargaɗi, ko adadin guraben da aka sauya yana ƙaruwa, faifan ya kama hanyar mutuwa, kuma sauya shi da SSD ne magani. Kwamfutocin Dell da HP suna da nasu gwajin a ciki, ta F12 a Dell, F2 a HP.

Na biyu ram. Idan aka rubuta mdsched a akwatin bincike, Windows zai sake kunnuwa ya gwada shi. Ram mai matsala yana lalata fayil ne a kan hanyarsa ta zuwa faifai, shi ya sa ko sabon Windows aka zuba ba ya daɗewa. Wani lokaci ciro shi, a goge ƙura, a mayar, ya wadatar.

Na uku tarihin mutuwar na'urar. A cikin Event Viewer, duk inda aka ga Kernel-Power mai lamba 41, shaida ce cewa kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Idan lambar ta yi yawa, a binciki wuta, batiri, caja da zafi.

Darasin 19 ga Yulin 2024

Lalacewar fayil ɗaya ba ta san ƙaramin shago ko babban kamfani ba. A ranar 19 ga Yulin 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, CrowdStrike, ya aika wa abokan cinikinsa wata sabuntawa mai kuskure. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka faɗa cikin shuɗiyar fuska suna ta sake kunnuwa. Jiragen sama sun tsaya, bankuna da asibitoci sun shiga ruɗani, kamfanin jiragen Delta shi kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin 'yan kwanaki. Maganin da aka bayar kuwa shi ne a shiga Safe Mode ko ɗakin gyara, a goge fayil guda da sunansa ya fara da C-00000291, a sake kunnawa. Ba a buƙaci share faifan kowa ba. Waɗanda suka fi shan wahala su ne waɗanda faifansu ke kulle da BitLocker amma ba su san inda makullin yake ba.

Ga ma'aikacin gwamnati

Kwamfutar ofis ba ta ma'aikaci ba ce, kuma abin da ke cikinta, sunayen mutane da lambobin shaidarsu da bayanan kayansu, amana ce. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Saboda haka idan kwamfutar ofis ta ƙi tashi, abin da ya dace shi ne a ɗauki hoton saƙon, a rubuta abin da ya faru kafin matsalar, a sanar da sashen kula da kwamfutoci. Ɗaukar ta zuwa kasuwa, ko ciro faifanta ba da izini ba, na iya jawo wa ma'aikaci tuhuma ko da niyyarsa gyara ce.

Ɗan kasuwa kuwa, idan ya zama dole ya kai tasa wurin mai gyara, ya faɗa masa a fili cewa ba ya son fomat sai an kwafe masa takardu a gabansa, ya tambayi sakamakon gwajin faifai da na ram, kuma idan an sauya faifai ya karɓi tsohon.

Rigakafi

Kwamfutar tebur na buƙatar UPS, ko da ƙarami ne mai ba da mintuna kaɗan da za a adana aiki a kashe ta yadda ya kamata. Ta tafi-da-gidanka kuma a sauya mata mataccen batiri. Kada a fara sabunta Windows sai batiri na cike, ko an san man janareta zai kai. A daina kashe na'ura ta hanyar danne maɓallin wuta sai idan ta daskare gaba ɗaya. A hure mata ƙura bayan hunturu, kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma tana aiki. A kunna System Restore, a bar Windows Security yana duba kowane filas. Idan za a ajiye ta tsawon lokaci, a riƙa kunna ta jefi-jefi.

Akwai kuma batun shekarun Windows ɗin kansa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, na Windows 10 kuma ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da masu shirin ƙarin wa'adi. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma ba za ta riƙa samun toshe kafofin tsaro ba. Windows 11 yana buƙatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi, don haka mai shirin sayen ta hannu ya tambayi wannan kafin ya biya.

Sama da duka shi ne kwafi. Takardun da ke wuri ɗaya kaɗai suna hannun faifai guda, kuma kowane faifai yana da ranarsa. Kwafi ɗaya a faifan waje da ake ajiyewa a gida, wani kuma a ma'ajiyar intanet irin Google Drive ko OneDrive, a riƙa sabunta su a ƙarshen kowane mako. Wanda ya yi haka, ranar da kwamfutarsa ta ƙi tashi zai ari ta maƙwabci ya buga takardarsa, motar ta wuce Maraɗi, gyaran kuma ya biyo baya a tsanake.